Motar Farko da Ƙuri'ar Farko: Abin da Muka Gani a Ƙasar Tailan

 

A wannan makon za mu leƙa ƙasar Tailan, wadda take kudu maso gabashin nahiyar Asiya. Da yawanmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunanta, domin ta daɗe tana sayar wa Nijeriya shinkafa. To, ba shinkafa kaɗai take da ita ba. Tana ƙera motoci masu yawa, kuma siyasarta tana da zafi ƙwarai. A shekarar 2011 wata jam'iyya a can ta yi wa jama'a alƙawarin cewa idan ta ci zaɓe za ta taimaka musu su sayi motarsu ta farko. Ta ci zaɓen, ta kuma cika alƙawarin. Shekara uku ba ta cika ba sojoji suka karɓe mulki.

Ra'ayinmu kashi biyu ne, kuma za mu faɗe shi tun yanzu don mai saurin shiga aji ya tafi da shi. Na farko, alƙawarin motar nan bai dace ba, ya jawo wa ƙasar asara. Na biyu, duk da haka, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a su ne ya kamata su hukunta gwamnatin da ta yi shi, ba masu bindiga ba. Ga dalilanmu.

Wace ƙasa ce Tailan?

Babban birninta Bankok, kuɗinta kuma sunansa bat. Mutanenta sun haura miliyan 65, yawancinsu mabiya addinin Buda, akwai kuma Musulmi musamman a kudancin ƙasar. Suna da sarki. Har zuwa shekarar 1932 sarki ne ke da wuƙa da nama, daga nan aka koma tsarin da sarki yake nan amma akwai majalisa da firaminista. Tun daga lokacin sojoji sun yi juyin mulki sama da sau goma, kuma tsarin mulkin da aka ƙaddamar a 2017 shi ne na ashirin. Ku duba fa, tsarin mulki ashirin a cikin shekara 85.

Ta fuskar motoci kuwa, manyan kamfanonin Japan irin su Toyota da Honda da Isuzu da Nissan da Mitsubishi duk suna da masana'antu a can. Ƙasar ta yi suna wajen ƙera a-kori-kura, kuma Hilux ɗin nan da muka sani tana cikin motocin da ake haɗawa a Tailan a kai ƙasashe da dama. Saboda haka maganar mota a wurinsu magana ce ta aikin yi da abincin dubban iyalai.

Ba za a fahimci siyasarsu ba sai an san Taksin Shinawatra. Tsohon ɗan sanda ne da ya yi arziki da harkar wayar sadarwa, kuma masu kallon ƙwallo za su so su ji cewa shi ne ya sayi Manchester City a 2007 ya sayar a 2008. Ya ci zaɓe a 2001, ya sake ci a 2005. Talakawan arewa da arewa maso gabas suna sonsa matuƙa. Masu kuɗin Bankok da manyan sojoji da yawa ba sa sonsa, kuma suna da abin faɗa: an kashe sama da mutum 2,000 a yaƙin da ya ƙaddamar da miyagun ƙwayoyi a 2003, sannan a 2006 iyalinsa suka sayar da kamfaninsu a kan bat biliyan 73 ba tare da biyan haraji ba. Ranar 19 ga Satumba 2006 sojoji suka hamɓarar da shi yana birnin New York wurin taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan ƙasar ta rabu, masu jar riga suna goyon bayansa, masu rawayar riga suna adawa da shi.

Alƙawarin mota

A zaɓen 3 ga Yuli 2011, ƙanwarsa Yinglak Shinawatra ta jagoranci jam'iyyar Pheu Thai. Sun sami kujera 265 cikin 500, ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin firaminista a ƙasar. Alƙawuran da suka yi suna da yawa. Mafi ƙarancin albashi zai koma bat 300 a rana. Yaran firamare za su sami ƙaramar kwamfutar hannu. Gwamnati za ta sayi shinkafar manoma da tsada. Sai kuma motar farko.

Ga yadda shirin motar yake. Duk wanda ya kai shekara 21 kuma bai taɓa mallakar mota ba, idan ya sayi sabuwar mota da aka ƙera a cikin ƙasar, gwamnati za ta mayar masa da harajin da aka ɗora a kanta, har zuwa bat 100,000. A lokacin wannan kuɗi ya ɗan haura dala 3,000. Sharaɗin shi ne kada kuɗin motar ya wuce bat miliyan ɗaya, kuma idan ƙaramar mota ce kada injinta ya wuce lita 1.5. A-kori-kura ma tana ciki. Sai mota ta shekara a hannun mutum za a ba shi kuɗin, kuma ba zai sayar da ita ba sai bayan shekara biyar. An buɗe shirin a tsakiyar Satumba 2011, aka rufe a ƙarshen Disamba 2012.

Ana cikin haka ambaliya mafi muni cikin shekaru masu yawa ta auka wa ƙasar. Sama da mutum 800 suka rasu. Ruwa ya shanye masana'antu a lardin Ayutthaya, har da ta Honda, wadda ta yi watanni a rufe, ta kuma lalata sababbin motoci sama da 1,000 da ruwa ya ɓata. Sai gwamnati ta ƙara samun hujja, cewa shirin zai taimaka wa masana'antu su farfaɗo.

Da farko abin ya yi kama da nasara. Gwamnati ta yi tsammanin mutum 500,000 ne za su shiga, amma sai da kimanin miliyan 1.25 suka yi rajista. A 2011 an sayar da motoci kusan 800,000 a cikin ƙasar. A 2012 adadin ya haura miliyan 1.4, abin da ba a taɓa gani ba. Ma'aikata suna aiki dare da rana, masu saye suna jiran watanni kafin a ba su mota.

Abin da ya biyo baya

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Mafi yawan masu sayen nan ba kuɗi hannu suka biya ba. Sun ba da kafin alƙalami, sauran kuma banki ko kamfanin ba da rance ya biya, su riƙa biya wata-wata da kuɗin ruwa na tsawon shekaru. Gwamnati ta mayar da haraji sau ɗaya tak. Bashi kuwa yana nan kowane wata. Ga mai, ga inshora, ga taya, ga kanikanci. Duk wanda a gidansu akwai ko da babur ya san cewa ranar saye ita ce rana mafi sauƙi. Riƙe abin hawa shi ne aiki.

Kafin 2013 ta ƙare, an ba da rahoton cewa sama da mutum 100,000 sun janye daga cinikin ko sun kasa biya. Masu ba da rance suka ƙwace motoci suka yi gwanjonsu. Da motocin gwanjo suka cika kasuwa, farashin motocin hannu ya faɗi, dillalai da yawa suka yi asara. Kamfanoni kuma suka ga motocin da suka ƙera sun taru babu mai saye, sai suka shiga karya farashi.

Sannan cinikin ya ja baya. A 2013 an sayar da kimanin miliyan 1.3, a 2014 ya koma ƙasa da 900,000, a 2015 kuma wajen 800,000. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda yake shirin sayen mota nan da shekara uku ya yi sauri ya saya a 2012 don kada garaɓasa ta wuce shi, kuma doka ta hana shi canja ta har shekara biyar. Wato shirin bai ƙirƙiro masu saye da yawa ba, cinikin gobe ya janyo zuwa yau. Kamar manomin da ya cinye irin shuka ne da rani yana murna rumbunsa bai hana shi ƙoshi ba.

Kuɗin da masu mota suka nemi a mayar musu ya kai wajen bat biliyan 90, alhali bat biliyan 30 aka yi lissafi da farko. Bashin da ke kan iyalai ya ƙaru har ya kai kimanin kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar take samarwa a shekara. Bankok kuma, wadda dama ta yi suna wajen cunkoso, ta ƙara cika da motoci.

Wa ya ci moriyar?

A nan ne muke so kowa ya ɗauko biro mu yi lissafi. Leburan da yake samun bat 300 a rana, kafin ya tara bat 100,000 sai ya yi aikin kwana 333, bai ci ba bai sha ba. Mota mafi araha a lokacin tana wajen bat 400,000. Idan aka raba da 300, kwana 1,333 ke nan, wato sama da shekara uku da rabi yana aiki kullum babu hutun ko rana ɗaya. Wannan mutumin ba zai sayi mota ba ko an yafe masa haraji, kuma banki ma ba zai saurare shi ba.

Su wa suka saya ke nan? Masu albashi mai kauri, da 'yan kasuwa, da gidajen da suke da hali. Tunda sharaɗin ya ce wanda bai taɓa mallakar mota ba, babu abin da zai hana mai mota biyu ya sayi ta uku da sunan ɗansa mai shekara 21. Sai kuma masu ƙaramin ƙarfi da suka ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu, su ne aka ƙwace wa. Kuɗin da aka mayar kuwa na kowa ne. Harajin da gwamnati ta saki shi ne kuɗin da za a iya gina aji da shi, ko a sayi magani, ko a ƙara motocin haya. Mai shiga bas da mai tafiya a ƙafa sun yi wa mai mota karo-karo ba tare da an tambaye su ba, sannan bas ɗin nasu ta ƙara daɗewa a cunkoso.

Mutane miliyan 1.25 suna da yawa, amma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 65 ba su kai biyu cikin ɗari ba. Birnin Bankok yana da jirgin ƙasa mai bi ta kan gada tun 1999 da mai bi ta ƙarƙashin ƙasa tun 2004. A ganinmu, da an zuba kuɗin nan wajen tsawaita layukansu da gyara motocin haya na larduna, da mai kuɗi da talaka duk sun amfana, kuma amfanin ya daɗe.

Ba duk alƙawari ne ɗaya ba

Kada wani ya ce muna nufin duk alƙawarin da ɗan siyasa ya yi wa talaka yaudara ce. Wannan gidan na Shinawatra su ne suka kawo shirin lafiya na bat 30, wanda ya game ƙasar a 2002. Mutum zai je asibitin gwamnati ya biya bat 30 kacal a duba shi a ba shi magani. Kafin nan iyalai da yawa sai sun sayar da gona ko dabba idan ciwo ya kama ɗayansu. Shirin ya rufe wa kimanin kashi uku cikin huɗu na jama'a asiri, kuma gwamnatocin da suka biyo baya, har da na soja, babu wadda ta soke shi. Shi ma alƙawarin zaɓe ne. Bambancinsa da na mota shi ne ya isa ga kowa, kuma ya rage wa mutane bashi maimakon ya ƙara musu.

Shirin shinkafa kuwa ya fi na mota ɓarna. Gwamnatin Yinglak ta riƙa sayen tan ɗaya na shanshera a kan bat 15,000, sama da farashin kasuwa nesa ba kusa ba. Tunaninsu shi ne tunda Tailan ce kan gaba wajen sayar da shinkafa a duniya, idan ta ɓoye tata farashi zai tashi, sai ta sayar ta ci riba. Sai Indiya ta buɗe rumbunanta. A 2012 Indiya da Biyetnam suka wuce Tailan, miliyoyin tan suka taru a ɗakunan ajiya wasu suna ruɓewa, aka yi asarar ɗaruruwan biliyoyin bat. A farkon 2014 manoman da aka yi shirin dominsu suna zanga-zanga saboda ba a biya su ba.

Ga alƙawari uku daga gida ɗaya, ɗaya ya yi kyau, biyu sun ɓaci. Aikin mai zaɓe ke nan, ya iya rarrabewa.

Yadda sojoji suka shigo

A watan Nuwamba 2013 jam'iyya mai mulki ta tura wata dokar afuwa a majalisar wakilai da tsakar dare, wadda za ta ba Taksin damar komawa gida ba tare da ya yi zaman kurkukun da kotu ta yanke masa ba. Mutane suka fito titi, majalisar dattawa ta yi watsi da dokar. Har nan babu laifi, haka dimokuraɗiyya take aiki. Yinglak ta rushe majalisa ta kira sabon zaɓe ranar 2 ga Fabrairu 2014.

Amma jagoran masu zanga-zangar, Suthep Thaugsuban, ya ce ba zaɓe suke so ba, wata majalisa suke so wadda ba zaɓaɓɓiya ba ta riƙe ƙasa ta yi gyara tukuna. Babbar jam'iyyar adawa ta ƙaurace wa zaɓen, masu zanga-zanga suka tare rumfuna a wurare da dama, daga baya kotun tsarin mulki ta soke shi. Ranar 7 ga Mayu kotun ta sauke Yinglak saboda sauya wa wani babban jami'in tsaro wurin aiki. Ranar 22 ga Mayu 2014 Janar Prayut Chan-o-cha ya karɓe mulki. Aka hana taron siyasa na mutum biyar ko fiye. Ba a sake zaɓe ba sai Maris 2019, kuma Prayut bai bar kujerar firaminista ba sai 2023.

Hujjar masu goyon bayan juyin mulki

Ya kamata mu yi musu adalci mu faɗi abin da suke cewa. Suna cewa jam'iyyar nan tana sayen ƙuri'a da kuɗin gwamnati, kuma mutanen karkara ba su da ilimin gane haka, don haka kullum ita za ta ci, ƙasa kuma ta talauce. Suna kuma cewa an yi watanni ana zubar da jini a titi, dole wani ya tsayar da abin. Maganar ɓarna gaskiya ce, mu ma mun lissafa ta a sama. Amma muna da amsa huɗu.

Ta farko, motar nan ba manomin karkara ne ya karɓe ta ba. Masu albashi da masu karatu na birane ne suka fi yin layi. Idan karɓar garaɓasa alamar rashin wayo ce, to ba a ƙauye kaɗai take ba, kuma bai kamata mai sabuwar mota ya raina ƙuri'ar mai garma ba. Manomin da ya zaɓi waɗanda suka kawo masa asibitin bat 30 ya san abin da yake yi.

Ta biyu, sojoji ma suna kashe kuɗi, bambancin kawai babu mai tambayarsu. A 2017 gwamnatin soja ta yi odar jirgin yaƙi mai nutso daga Sin a kan bat biliyan 13.5. Mataimakin firaminista, Janar Prawit Wongsuwan, an gan shi da agoguna masu tsada da bai bayyana a cikin kadarorinsa ba, ya ce aro ya yi daga wani abokinsa da ya rasu, hukumar yaƙi da cin hanci kuma ta wanke shi. Sannan ita kanta gwamnatin sojan ta fito da katin tallafi na raba wa talakawa kuɗi wata-wata. Abin da suka zagi wasu a kansa, su ma sun yi shi. An gudu ba a tsira ba.

Ta uku, juyin mulki ba ya canja zuciyar mutane. An kori Taksin a 2006, magoya bayansa suka ci zaɓen 2007. Kotu ta sauke firaministansu Samak Sundaravej a 2008 saboda ya karɓi kuɗi yana gabatar da shirin girki a talabijin, ta kuma rushe jam'iyyar, suka dawo suka ci a 2011. Duk lokacin da aka ƙwace musu mulki da ƙarfi, sai mutane su manta da laifinsu su tuna da zaluncin da aka yi musu. Da an bari an yi zaɓe lafiya a 2014, lokacin da manoma suke bin bashi kuma ana ƙwace motoci, da jam'iyyar ta tsaya gaban jama'a ta yi bayani da bakinta. Sojoji sun raba ta da wannan jarrabawar.

Ta huɗu ita ce mafi ƙarfi a wurinmu: masu zaɓe suna koyo. A zaɓen Mayu 2023 jam'iyyar Pheu Thai ta yi alƙawarin ba duk wanda ya kai shekara 16 bat 10,000. Duk da haka ba ita ta zo ta ɗaya ba. Jam'iyyar matasa mai suna Move Forward ta sami kujera 151, Pheu Thai ta sami 141. Wannan ne karo na farko tun 2001 da ɓangaren Taksin ya shiga babban zaɓe wani ya fi shi kujeru. Abin da tankokin yaƙi suka kasa yi sau biyu, takardar ƙuri'a ta yi shi. Sai dai tsarin mulkin da sojoji suka rubuta ya ba sanatoci 250 da aka naɗa damar shiga zaɓen firaminista, don haka jagoran jam'iyyar, Pita Limjaroenrat, ya sami ƙuri'a 324 kawai a majalisun biyu, bai kai rabi ba. A Agusta 2024 kotu ta rushe jam'iyyar saboda ta nemi a gyara dokar da ta tanadi ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar ga wanda ya ɓata sunan sarki. Wato waɗanda suka ce jama'a ba su iya zaɓe ba, da jama'a suka zaɓi wani daban, shi ma hana shi aka yi.

Akwai wata magana da malamanmu na ilimin zama ɗan ƙasa suke yawan faɗa, cewa dimokuraɗiyya ba ta hana a zaɓi shugaba marar kyau, amma tana ba da hanyar cire shi ba tare da jini ba. Labarin Tailan ya sa mun gane ma'anarta. Gwamnatin da ta ɓata kuɗi a kan mota tana da ranar da wa'adinta zai ƙare. Wanda ya zo da bindiga shi ne yake sa wa kansa rana.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce ina ruwan ɗan ƙaramar sakandare da siyasar ƙasar da ko a taswira sai ya nema. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ƙasarmu ma ta yi shekaru a hannun soja kafin a koma mulkin farar hula ranar 29 ga Mayu 1999, mu ba mu ga lokacin ba, iyayenmu ne suka gani. Kuma mun san yadda kakar zaɓe take zuwa da alƙawura da rabon taliya da sabulu da atamfa. Mu da muke da shekara goma sha uku, saura shekara biyar mu isa yankar katin zaɓe. 'Yan babbar sakandare ma nasu ya fi kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka muna ba da shawarar tambayoyi huɗu da za mu riƙa yi wa kowane alƙawari, ko daga bakin wa ya fito. Daga ina kuɗin zai fito, kuma wane aiki za a fasa saboda shi? Mutum nawa zai isa gare su, kuma su wane ne? Bayan an ba mu, zai bar mana bashi ko zai rage mana? Bayan shekara biyar, me zai rage a ƙasa wanda za a nuna? Ku gwada su a kan motar farko, sannan ku gwada a kan asibitin bat 30, za ku ga amsoshin sun sha bamban.

Ba sai mun jira babban zaɓe ba. Idan ana zaɓen shugabannin ƙungiyoyi ko na aji, mu saurari abin da ɗan takara ya ce zai yi, mu tambaye shi ta yaya, mu ƙyale wanda ya zo da alawa a aljihu. Idan wanda muka zaɓa ya ba mu kunya, mu faɗa masa a taro, mu rubuta a wannan bangon cikin ladabi, zango na gaba mu zaɓi wani. Idan kuma wanda ba mu so ne ya ci, mu haƙura mu jira lokaci, kada mu ce tunda 'yan ajinmu ba su iya zaɓe ba gara a daina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon malamanmu na lissafi da na ilimin zama ɗan ƙasa su riƙa ba mu irin waɗannan misalan a aji, mu koyi lissafin bashi da kuɗin ruwa da kasafin kuɗi da alƙaluman gaske. Muna kuma roƙon ƙungiyar muhawara ta ɗauki wannan batu: shin ya halatta a kori zaɓaɓɓiyar gwamnati da ƙarfi idan tana ɓarna da dukiya? Mu dai mun faɗi namu ra'ayin. Wanda bai yarda ba ya rubuto nasa ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis, za mu liƙa shi a nan kusa da wannan.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba ƙasarmu shugabanni nagari da masu zaɓe masu tambaya. Amin.